Galahanga: mene ne ma'anarta, kuma me ya haɗa ta da allurar rigakafi?

A wani gidan suna a Tudun Wada na ji wata baiwar Allah tana rantsuwa ba za ta kai jaririnta allurar wata tara ba. Wai ɗan yayarta tunda aka yi masa ya ɗauke magana, "ya zama galahanga".

Kalmar ta yaɗu, har wasu na laƙaba ta ga duk yaron da girmansa ya zo da tangarɗa. Amma a bakin likitoci, galahanga yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa, wanda ke shafar magana da cuɗanya da mutane. Za ka ga yaro ana kiran sunansa bai waiwayo ba, alhali kunnensa lafiya lau. Ba ya son haɗa ido. Sai ya zauna ya jera marafen kwalba a layi, in ka gusar da guda ɗaya gidan ya kaure da kuka. Wani da an kunna injin markaɗe sai ya toshe kunne. Wani ba ya magana sam, wani kuma har jami'a yake kaiwa. A nan Zariya da yawa sai an gama zagayen masu ruƙiyya, ana cewa shafar aljanu ce, kafin a tuna da asibiti. Bincike kuwa ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma a ciki.

To ina allura ta shigo? A 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa bincike a mujallar The Lancet kan yara 12 kacal, ya danganta galahanga da rigakafin ƙyanda mai haɗe da na wasu cututtuka biyu. Daga baya asiri ya tonu cewa an murɗa bayanan. A 2010 mujallar ta janye binciken, shi kuma aka ƙwace lasisinsa. A Denmak an bibiyi yara sama da 650,000, sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna wata alaƙa ba.

Ni dai ban ga laifin uwar nan ba, abin da idonta ya gani take faɗa. Ana yin allurar ƙyanda a wata 9 da wata 15, alamun galahanga kuma galibi tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu suke fitowa fili, lokacin da ake sa ran yaro ya fara cewa "Mama". Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ai tun 1943 likita Leo Kanner ya bayyana galahanga, shekara 20 kafin a samar da rigakafin ƙyanda a 1963.

Ƙyanda ita kam tana makantarwa, tana kisa. Wanda ɗansa ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, ya kai shi sashen yara na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, a fara da gwajin kunne.