Karatun mastas na fat-taim a fannin zane da sassaƙa a Gana

Karatun fat-taim shi ne mutum ya yi digiri na biyu yana riƙe da aikinsa, ya shiga aji da yamma ko Asabar da Lahadi, ko kuma a dogon hutu, tsarin da ake ce ma sanwic wanda malaman makaranta suka saba da shi a jami'o'in Winneba da Cape Coast. Mastas na cikakken lokaci yawanci shekara 1 ko 2 ne, na fat-taim kuwa yakan zarce haka.

Gidan wannan fanni a Gana dai Kumasi ne. Makarantar zanen ta faro ne a Achimota, aka kwaso ta zuwa Kumasi a 1952, kwalejin da ta karɓe ta ce ta zama jami'a a 1961, KNUST ɗin nan da kowa ke ce ma Tek. El Anatsui, shahararren mai sassaƙa, nan ya yi karatu, haka Ibrahim Mahama ɗan Tamale wanda ya gama MFA, wato mastas na aikin zane da sassaƙa, a 2013, shi ne mai ɗinke tsofaffin buhunan koko da gawayi ya lulluɓe gini da su, aikinsa har bajekolin Venis ya je a 2015. To amma fa MFA aikin situdiyo ne, kana yi malamai da 'yan aji suna zuwa suna yi ma aikin filla-filla, shi ya sa ya fi wuya ga mai fat-taim, don wanda ya wuni a shago a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi sai ya samo lokacin hannu ba na karatu kaɗai ba.

Jinya da zane, wato amfani da zane wajen jinyar marasa lafiya, wani reshe ne dabam na wannan karatu, Adrian Hill, wani mai zane ɗan Ingila, ya sa mata suna a 1942 bayan ya yi fama da tarin fuka. Mai koyonta sai ya haɗa da ilimin halayyar ɗan adam ya kuma yi aiki da marasa lafiya a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati kuwa uku ne, na Akara da Pantang da Ankaful, duk a kudu.

Akwai kuma reshen gudanar da harkar zane, shi ne lissafin kuɗi, kwantiragi, haƙƙin mallaka, neman tallafi da shirya bajekoli irin na Chale Wote, bikin zanen kan titi da ake yi a Akara tun 2011. Wallahi wannan reshen ne zango ya fi buƙata, don masu zayyana da masu aikin wuyan riga da masu rubutun allon shago muna da su birjik a Nima da Sabon Zango, mai zama da galari, wato gidan nuna zane da sayar da shi, ya yi ciniki a madadinsu ne ya yi ƙaranci, kuma wannan reshen ne ya fi dacewa da ajin yamma.