Rahoton kurket na mata: amsoshin tambayoyin da ku 'yan jarida kuke ta maimaita mini

Yaushe mata suka fara buga kurket (wasan da ake dukan ƙwallo da sanda don tara maki) tsakanin ƙasashe?

Tun Disamban 1934, Ingila da Ostireliya a Brisbane. Gasar cin kofin duniya ta mata kuma an fara ta a 1973, ta riga ta maza da shekara biyu. Ku daina rubuta mini "sabon wasan da mata suka fara shiga".

Wai gaskiya ne ba a kallo?

Mutum 86,174 ne suka shiga filin Melbourne ranar 8 ga Maris 2020, wasan ƙarshe na kofin duniya na mata na T20 (gajeren nau'in kurket), Ostireliya da Indiya. Wannan ya isa amsa.

Wa ya fara cin maki 200 a wasan kwana ɗaya na ƙasa da ƙasa?

Nan ne kuke ɓata mini rai. Kusan duk wanda na tambaya sai ya ce Sachin Tendulkar na Indiya, 2010. Belinda Clark ta Ostireliya ta ci 229 a kan Denmak tun 1997, ba a fitar da ita ba, wato abokan hamayya ba su iya kawo ƙarshen bugunta ba. Kafin ka rubuta "na farko a tarihi", je ka duba kundin mata. In na maza kake nufi, ƙara "a ɓangaren maza". Kalma uku ce, ba za ta cinye maka shafi ba.

Ba a nuna wasan a talabijin ba, takardar maki kawai na samu. Zan iya rubuta rahoto?

To, za ka iya, amma da sharaɗi. Kuma kada ka ji kunya, wasannin mata da yawa, musamman na ƙananan ƙasashe, haka za ka same su. Takardar tana magana in ka iya karanta ta. Ɗauki wasan ƙarshe na kofin duniya na mata na 2017 a filin Lord's da ke Landan: Ingila ta doke Indiya da maki 9. Layin da ke nuna lokacin fitar kowace 'yar wasa zai gaya maka Indiya ta kai 191 an fitar da uku kacal, tana neman 229, sai ta watse a 219, Anya Shrubsole ta Ingila ita kaɗai ta fitar da shida. Labari ya samu. Sai dai takardar ba za ta nuna maka Jenny Gunn ta Ingila ta kasa cafe ƙwallo mai sauƙi da zai fitar da 'yar Indiya daf da ƙarshe ba, da yadda hankalin 'yan Ingila ya tashi. Don haka rubuta abin da lamba ta tabbatar, ka tsaya nan. Kada ka ce "cikin ruɗewa" ko "da ƙarfin tsiya" alhali ba ka gani ba. In ka samu koci ko wanda ya je filin a waya, madalla, amma ka ce daga bakinsa ka ji. Ni dai na fi son ka gaya wa mai karatu daga takarda ka ɗauko, ko da wani edita zai ce hakan ya rage armashi. Wani lokacin ma sakin layi biyu sun wadatar.

In tambayi 'yar wasa batun aure da 'ya'ya?

Tambaye ta wasan da ta buga.

Muna da abin rubutawa a gida?

Ƙwarai. A Janairun 2025 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand da maki 2 a kofin duniya a Malesiya. Ku nawa ne kuka nemi sunan ko da ɗaya daga cikinsu?