Waiwaye: Sade, ƙungiyar da sunan mace ɗaya ya lulluɓe

Da yawa daga waɗanda suka taɓa jin muryar Sade suna zaton mawaƙiya ce ita kaɗai, alhali kuwa suna ne na ƙungiyar da aka kafa a birnin Landan a 1982. Dalilin ruɗanin a fili yake, domin an aro sunan ne daga jagorarta, Helen Folasade Adu, wadda aka haifa a Ibadan a 1959, mahaifinta Bayarabe malamin jami'a, mahaifiyarta kuma Baturiya ma'aikaciyar jinya. Tana 'yar shekara huɗu aka koma da ita Ingila, inda ta girma ta karanci zanen tufafi kafin waƙa ta janye ta.

Da amshi ta fara a wata ƙungiya mai suna Pride, daga can ta ware tare da Stuart Matthewman mai busa saksofon da Paul Denman mai kaɗa jita, sannan Andrew Hale mai fiyano ya bi sahunsu. A lokacin kiɗan na'ura ne ke tashe a Birtaniya, amma su sai suka karkata ga kiɗan jaz da waƙoƙin baƙaƙen Amurka, suka tace su har ba a jin ko ƙura. Faifansu na farko, Diamond Life, ya fito a 1984, ya lashe kyautar faifan Birtaniya mafi fice a 1985, shekara ta zagayo kuma suka karɓi Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a rukunin sababbin mawaƙa.

Ƙarfin salonsu yana cikin kamewa. Muryarta mai kauri ba ta ɗagawa sai da dalili, makaɗan kuma sukan bar sarari tsakanin sauti da sauti. Wannan santsi ya sa wasu masu sharhi suka yi musu kallon masu kiɗan nishaɗin attajiran zamanin Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher, hukuncin da a ganina bai yi adalci ba, tunda tun a faifan farko akwai kukan rashin aikin yi, a na 1992 kuma akwai waƙa kan wata mata da ke fama da yunwa a Somaliya.

Faifai shida kacal suka fitar tsakanin 1984 da 2010, kuma kusan shekara goma suka yi ba sabon faifai kafin na shidan, Soldier of Love, wanda fitowarsa ke da wuya ya hau matsayi na ɗaya a Amurka, da mutum huɗun nan dai ba a sauya ko ɗaya ba.