Waiwaye: Allon da ake harbi a bakin kogin Tallahatchie

A wata gaɓar kogin Tallahatchie da ke jihar Misisipi a Amurka, akwai allo da aka kafa domin tuna wurin da aka tsamo gawar wani yaro mai suna Emmett Till. Na farko, wanda aka kafa a 2008, sace shi aka yi. Na biyu harsasai sama da 300 suka huda shi. Na uku ko wata biyu bai yi ba aka fara harbinsa, har wasu ɗaliban jami'a farar fata su uku suka tsaya gabansa da bindigogi suka ɗauki hoto. Wanda ke wurin yanzu an kafa shi a 2019, da ƙarfen da harsashi ba ya ratsawa.

Emmett ɗan shekara 14 ne, baƙar fata, ya zo daga Shikago hutu wurin danginsa a ƙauyen Money a watan Agustan 1955. Aka ce ya yi wa wata farar mata fito a shagon mijinta. Cikin dare mijin, Roy Bryant, da ɗan'uwansa J.W. Milam suka je suka fito da shi daga ɗakin kwana, suka lakaɗa masa duka, suka harbe shi, suka ɗaura masa fankar injin gurzar auduga a wuya da waya mai ƙaya, suka jefa shi kogi. A shari'ar da aka yi a garin Sumner, dattijon da yaron ya sauka a gidansa, Moses Wright, ya miƙe a kotu ya nuna Milam da yatsa, abin da baƙar fata bai isa ya yi ba a wancan zamani. Duk da haka masu taya alƙali yanke hukunci, fararen fata zalla su 12, sun wanke mutanen biyu cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Bayan wata huɗu suka sayar wa mujallar Look labarin yadda suka yi kisan.

A nan gida mukan kira irin wannan kisan taron dangi "ɗaukar doka a hannu", amma ni ina ganin wannan magana ta yi wa abin kaɗan. Sau da yawa doka tana cikin taron. Shugaban 'yan sandan gundumar Tallahatchie da kansa ya hau kujerar shaida ya ce shi bai yarda gawar ta Emmett ce ba.

Tushen abin ya faro ne bayan an haramta bauta a 1865. Da gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga jihohin kudu a 1877, fararen da suka rasa bayi suka nemi hanyar mayar da baƙar fata inda suka baro. Cibiyar Tuskegee, wata makarantar baƙar fata a jihar Alabama, ta ƙirga mutum 4,743 da aka yi wa irin wannan kisan taron dangi tsakanin 1882 da 1968, kuma 3,446 daga cikinsu baƙar fata ne. Akan ce fyaɗe ne dalili. 'Yar jarida Ida B. Wells ta bi diddigi ta tona wannan ƙarya bayan an kashe abokanta uku a Memphis a 1892, waɗanda laifinsu shi ne kantinsu ya janye wa wani farar fata kasuwa. Neman haƙƙin ƙwadago, mallakar gona, yunƙurin jefa ƙuri'a, kowanne ya isa a rataye mutum a bishiya. Ana zuwa kallo da yara, ana ɗaukar hoto a buga a kati a aika wa dangi.

Abin da ya sa ciwon ya fi daɗewa a ƙananan garuruwa shi ne kowa ya san kowa. Wanda ya riƙe igiya maƙwabcin alƙali ne, ɗan'uwansa ne ke sayar da taki, jikansa ne yau ke noma gonar. Mai binciken gawa sai ya rubuta cewa mutanen da ba a san ko su wane ne ba suka yi kisan, alhali rabin gari na tsaye a wurin. A gundumar Forsyth ta jihar Jojiya, a 1912 an kori baƙar fata sama da 1,000 cikin 'yan makonni, gonakinsu suka koma hannun maƙwabta. Da masu zanga-zangar lumana suka shiga gundumar a 1987, duwatsu da kwalabe suka tarbe su. Irin wannan tsoro na cikin abin da ya kori baƙar fata kusan miliyan 6 daga kudu zuwa biranen arewa da yamma.

Kuma bai tsaya a tarihi ba. A 1998, a garin Jasper na jihar Teksas, wasu farare uku sun ɗaure wani baƙar fata mai suna James Byrd Jr. da sarƙa a bayan a-kori-kura suka ja shi kusan kilomita 5. Sai bayan wannan kisa aka cire shingen da ya raba kaburburan farare da na baƙaƙe a maƙabartar garin. A 2020 aka bi wani baƙar fata mai suna Ahmaud Arbery da mota aka harbe shi yana gudun motsa jiki kusa da garin Brunswick na jihar Jojiya, aka fi wata biyu ba a kama kowa ba sai da bidiyon kisan ya fita.

Majalisar dokokin Amurka ta ga ƙudurori kusan 200 na haramta wannan kisa suna mutuwa a hannunta, galibi saboda sanatocin kudu. Sai a Maris na 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunan Emmett Till. A shekarar ce aka gano takardar sammacin kama matar mai shagon, a ɗakin ajiya na ƙarƙashin wata kotu, tana nan tun 1955 ba a taɓa zartar da ita ba. Masu duba tuhuma suka ce hujja ba ta isa ba. Matar ta rasu a Afrilun 2023 ba a taɓa gurfanar da ita ba.