Me Ya Sa Hadarin Kano Yake Tasowa Daga Gabas?

Tambaya: Waɗanne iskoki ne suke juya yanayin Kano?

Amsa: Manyan iskoki biyu ne, kowace tana ɗauke da halin wurin da ta fito. Ta farko busasshiya ce daga hamadar Sahara, tana shigowa ta arewa maso gabas, ita ce iskar hunturu mai kwaso ƙura, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, har hazo ya rufe Dutsen Dala, wani lokaci ma jirage su kasa sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano. Ta biyu daga Tekun Atlantika take tasowa ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi.

Tambaya: A ina suke haɗuwa?

Amsa: Akwai iyaka a tsakaninsu, kuma ba ta zama wuri ɗaya. A watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku, daga nan sai ta riƙa hawowa arewa, ta wuce Kano da ke kan digiri 12 arewa da layin ikwaita (layin da ya raba duniya biyu) a lokacin bazara, ta kai wajen digiri 20 a watan Agusta. A Turai sanyi da zafi ne suke bambanta iskokin da ke karo, amma a nan babban bambancin shi ne danshi.

Tambaya: To, da zarar iyakar ta wuce Kano sai damina ta kankama?

Amsa: A'a, kuma a nan ne manomin da ya yi gaggawar shuka yake asarar iri. Iskar teku tana kutsawa ne ta ƙarƙashin busasshiyar, kuma bakinta ba shi da kauri, saboda haka girgije ba ya samun isasshen danshin da zai yi tsayi. Shi ya sa a bazara ake fama da gumi, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya tayar da ƙura, sannan ya watse ba ko ɗigo. Ruwan kirki yana sauka ne ɗaruruwan kilomita kudu da iyakar, don haka Agusta ne watan marka a Kano.

Tambaya: Idan danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, yaya aka yi hadari yake fitowa ta gabas?

Amsa: Iskar ƙasa ce take kawo danshin, amma a sama, wajen kilomita 3, akwai wata iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ce take tura jerin gizagizan. Sanyayyar iskar da take fara bugowa kafin ruwa, wadda take sa 'yan kasuwar Kurmi tattara kaya, daga cikin girgijen take gangarowa ta bazu a gabansa.