Ruwan lagireto na raguwa a tsohuwar Land Cruiser, Hilux ko Pajero: ga amsoshinku

Tambayoyin nan kusan kullum sai an yi mini su, musamman daga masu tsofaffin motocin shiga daji. Na tara su wuri guda. Duk wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mota ta ɗau zafi a hanya. In buɗe murfin lagireto in ƙara ruwa?

A'a. Da wannan na fara domin shi ne mai kai mutum asibiti. Ruwan a matse yake, zafinsa ya haura na tafasasshen ruwa, kana murɗa murfin zai yi tsiri ya wanke maka fuska. Kashe injin, ɗaga bonet, ka jira har sai ka iya riƙe tiyon sama ka matsa shi ya lotsa. Sannan ka ɗora tsumma a kan murfin ka sassauta a hankali. Kada kuma ka kwara wa injin da ya yi zafi ruwan sanyi, tof silinda, wato saman injin, na iya tsagewa.

Kowace safiya ina ƙara gora ɗaya. Ai ba laifi?

Laifi ne, Alhaji. Lafiyayyen inji ba ya shan ruwa. In kana ƙarawa, akwai inda yake fita.

Ta ina ya fi zuba?

Bakin tiyo, inda kilif ya riƙe. Daga nan sai inda tankin roba ya haɗu da jikin lagireto, sai famfon ruwa. Famfon yana da ɗan rami a ƙasansa. In ka ga ɓawon fari ko ja ya bushe a bakin ramin, sil ɗinsa ya mutu, canza shi za a yi. Akwai kuma ƴan faya-fayan ƙarfe da aka toshe ramukan jikin injin da su, tsatsa tana huda su. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da daddare, da safe ka ga inda ya jiƙe. Amma ka lura, ƙarfen da ke kare cikin motar daji yana tare ruwan ya gangara da shi, sai ya ɗiga nesa da inda ya fito. Ka bi sawunsa zuwa sama da tocila.

Makanikena ya cire tamostat, ya ce ta ƙasar sanyi ce.

Ka ce ya mayar. Wannan al'adar ta ishe ni. Tamostat tana riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, a injuna da dama tana fara buɗewa wajen digiri 82. In babu ita, mota ta ƙara shan mai, injin ya riƙa cinyewa da wuri, kuma ɗigar da ta kawo ka gareji tana nan ba a taɓa ta ba.

Ruwan rijiya ko na burtsatse fa?

A daji, in babu wani, zuba ka isa gida. Amma ba na kullum ba. Yana barin ɓawo a ƙananan bututun lagireto, yana kawo tsatsa. Ka sa kulan, wato ruwan sanyaya inji mai kala da ake sayarwa, rabi shi rabi ruwan batir wanda babu asid, ko ka sayi wanda aka riga aka haɗa. Kada ka gauraya ja da kore.

An ce in fasa ƙwai ko in zuba garin barkono a ciki.

Kada ka yi. Abin da zai toshe hudar zai toshe bututun ma.

Ruwa na raguwa, ban ga ɗiga a ƙasa ba, makanike ya ce tof gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof silinda da jikin injin, a sauke injin. In yarda?

To, nan sai ka nutsu. Mai yiwuwa gaskiyarsa, amma ban yarda a kwance tof silinda a kan zato ba, domin akwai wurare masu arha da ke ɓoye ruwa haka.

Fara da murfin lagireto. Dubi lambar da ke kansa, galibi 0.9 ko 1.1. Wannan matsin ne ke hana ruwan tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robar murfin ta tsufa, ruwan zai tsere zuwa gorar ajiya, ya cika ta, ya zube a kan titi kana tafiya, ka dawo gida ƙasa a bushe. Murfi kawai, amma an sha sauke inji saboda shi.

Sai ka taɓa kafet ta ɓangaren fasinja a gaba. In da laima da wani wari mai zaƙi-zaƙi, ƙaramin lagireton hita ne ya huje. Mu nan ba mu cika kunna hita ba, shi ya sa ake mantawa ruwa na bi ta can. Wasu Land Cruiser 80, waɗanda aka ƙera daga 1990 zuwa 1997, har da hitar baya gare su, bututunta na bi ta ƙarƙashin mota inda taɓon damina ke maƙalewa ya cinye su. Mai injin fetur 1FZ-FE kuma yana da wani ɗan guntun tiyo can ƙuryar baya ta hagun injin, ba a ganinsa daga sama, sai an leƙa ta wajen tayar gaba. Sau da yawa shi ne ɓarawon. Ɗigarsa kan bushe a jikin inji mai zafi kafin ta kai ƙasa.

Abin da zai raba gardama shi ne famfon gwaji. Injin yana sanyi, a ɗaura shi a bakin lagireto, a buga iska zuwa lambar da ke kan murfin, kada a wuce, a jira kamar minti 15. In allurar ta sauka, ka zagaya da tocila, yawanci za ka ga ruwan yana tsattsafowa. In ta sauka kuma ko'ina a bushe, to zargin makanike ya fara ƙarfi.

Alamun gasket kuwa, ko wanne shi kaɗai ba hujja ba ne. Farin hayaƙi a salansa da sanyin safiyar hunturu ba komai ba ne in ya ɗauke bayan ƴan mintuna; wanda ke ci gaba bayan injin ya ɗumama shi ne abin tsoro. Baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara alama ce babba, amma gasket na iya ƙonewa man yana nan tas, kuma a injin dizal, na'urar sanyaya baƙin mai ma kan haɗa man da ruwa in ta huje. Abin da na fi dogara da shi: injin yana sanyi, buɗe murfin, tayar da mota. In kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko kuma ka rufe murfin, sai tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu, iskar ƙonewa ce ke shiga ruwa. Akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, in ya koma rawaya ko kore an tabbatar. A injin fetur a ciro fulogi, wanda ya fita fes fiye da ƴan'uwansa ruwa ne ke wanke shi.

In an tabbatar ɗin ma, da saura. Injunan dizal irin 2L-T na Toyota da 4M40 na Pajero an san su da tsagewar tof silinda in sun sha zafi. A kai shi a gwada tsagewa da lanƙwasa kafin a ɗora sabon gasket, in ba haka ba kuɗinka sau biyu za ka kashe. Ka kwantar da hankalinka dai, in ba ka ci gaba da tuƙa ta da zafi ba, yawanci injin yana gyaruwa.

Walda ko sabon lagireto?

Na tagulla yana karɓar walda. Mai tankin roba in ya tsage, canza shi. Gam ba ya daɗewa. In za ka sayi na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka, a gwada shi da iska a cikin ruwa a gabanka. Mai giya otomatik ya duba man giyar, domin bututunsa na ratsa tankin lagireto. In ya koma ruwan hoda mai kauri, kada motar ta motsa.

Tsohon kulan ɗin in zubar a tsakar gida?

Haba malam. Guba ne, kuma zaƙi gare shi, yara da awaki za su lasa. Tara shi a jarka mai murfi, kada ka sa a gorar lemo.

An gyara, amma allurar zafi na hawa tana sauka.

Iska ce ta maƙale. Faka motar hancinta a kan tudu, injin a sanyi, buɗe murfin, murɗa hita zuwa zafi, ka bar ta tana aiki kana ƙara ruwa har kumfar ta ƙare. Washegari da safe ka sake dubawa. In har yanzu tana hawa a go-sulo ko cikin rairayi, a duba kulocin fanka da fanbel, a kuma wanke taɓo da ƙaiƙayin da suka toshe fuskar lagireto, daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi.