Albashi da haƙƙin 'yan wasa a besbol ta Amurka: muhawarar magoya baya

Muhawarar albashi a wasan besbol na Amurka, wato wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, tsohuwar taƙaddama ce tsakanin ɓangarori uku: attajirai masu kulob, 'yan wasa, da magoya bayan da ke sayen tikiti. Ta shafi dokar mafi ƙarancin albashi, da 'yancin ɗan wasa na zaɓar inda zai yi aiki, da yajin aiki, kuma ta sha cuɗanya da badaƙalolin da suka girgiza wasan tun daga 1919. Shekaru da dama yawancin 'yan kallo sun fi ɗora laifi a kan 'yan wasa idan rigima ta tashi, suna kiransu masu haɗama. Ra'ayin ya karkata sosai daga wajen 2014, lokacin da aka fara bankaɗo irin rayuwar da dubban matasa ke yi a ƙananan rukunai, wato ƙananan gasannin da ake renon 'yan wasa.

Tsarin wasan

Babbar gasar, wadda ake kira MLB, tana da kulob 30: 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada. Kowane kulob yana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinsa, hawa-hawa, inda ake renon matasa. Babban kulob ne ke ɗaukar ɗan wasa, shi ke biyansa, shi ke ɗaga shi ko ya sallame shi. Kaɗan ne daga cikin matasan nan ke taɓa taka filin babbar gasa. Tazarar da ke tsakanin hawa biyun ba kaɗan ba ce: a 2022 mafi ƙarancin albashin ɗan babbar gasa dala 700,000 ne a shekara, alhali na matakin ƙasa dala 4,800.

Sharaɗin riƙe ɗan wasa

Tun 1879 masu kulob suka ƙirƙiro wani sharaɗi a kwantiragi wanda ke ɗaure ɗan wasa ga kulob ɗaya. Ko kwantiraginsa ya ƙare, ba shi da ikon neman aiki a wani wuri sai in kulob ɗin ya sayar da shi ko ya sake shi. Ko dai ya karɓi abin da aka ba shi, ko ya rataye takalmi. A 1922 Kotun Ƙolin Amurka, a hukuncin da Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes ya rubuta, ta ce besbol ba kasuwanci ba ne da ke ratsa jihohi, don haka dokokin hana babakere ba su hau kansa ba. Babu wani wasa a ƙasar da ya sami gata mai faɗin wannan.

Abubuwa sun fara sauyawa a 1966, da 'yan wasa suka ɗauko Marvin Miller daga ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ƙarafa ya shugabanci tasu ƙungiyar. A 1968 ya ƙulla yarjejeniyar farko da masu kulob, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dala 6,000 zuwa 10,000.

Sai batun Curt Flood. A ƙarshen 1969 kulob ɗin St. Louis Cardinals ya musanya shi zuwa Philadelphia Phillies, shi kuwa ya ce ba inda za shi. Ya rubuta wa kwamishinan wasan, Bowie Kuhn, cewa bayan shekara goma sha biyu a babbar gasa shi ba haja ba ne da za a saya a sayar ba da yardarsa ba. Flood baƙar fata ne, albashinsa dala 90,000 a shekara, kuɗi mai tsoka a lokacin. Da aka tambaye shi a talabijin yadda mai wannan albashi zai kwatanta kansa da bawa, sai ya amsa cewa bawan da ake biya da kyau har yanzu bawa ne. Maganar ta harzuƙa 'yan kallo da yawa. Wasiƙun zagi suka yi ta zuwa masa. Ko ɗan wasa ɗaya mai ci bai tsaya masa shaida a kotu ba, sai tsofaffi irin su Jackie Robinson da Hank Greenberg. A 1972 Kotun Ƙoli ta kayar da shi da ƙuri'a biyar da uku, kuma sana'arsa ta riga ta mutu. Shekara uku bayan haka, a Disambar 1975, mai sasanci Peter Seitz ya yanke hukunci a kan batun 'yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, wanda ya karya sharaɗin. Wasu ne suka ci gajiyar abin da Flood ya shuka. Ya rasu a 1997, shekara guda kafin majalisa ta yi doka mai ɗauke da sunansa, wadda ta cire 'yan babbar gasa daga wancan gata na 1922. Dokar ta bar 'yan ƙananan rukunai yadda suke.

Yajin aikin 1994

Tsakanin 1985 da 1987 masu kulob sun haɗa baki a ɓoye suka ƙi taya 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, don farashi ya faɗi. Asiri ya tonu, suka biya diyyar dala miliyan 280 a 1990. Wannan ya kashe yarda tsakanin ɓangarorin biyu. Da masu kulob suka nemi sanya iyaka ga jimillar albashi, 'yan wasa suka tafi yajin aiki ranar 12 ga Agustan 1994. Yajin ya kai kwana 232, aka soke wasan ƙarshe na zakaru, World Series, karo na farko tun 1904. Umarnin wata alƙaliya a New York, Sonia Sotomayor, wadda daga baya ta zama mai shari'a a Kotun Ƙoli, shi ya kawo ƙarshensa.

Magoya baya ba su yafe da wuri ba. Yawan masu shiga kallon kowane wasa ya ragu da kusan kashi ashirin cikin ɗari a 1995. A tsohon filin Shea na New York wasu maza uku sanye da riguna masu rubutun "haɗama" suka tsallaka cikin fili suna watsa wa 'yan wasa takardun dala ɗai-ɗai. Kalamin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne faɗan miloniyoyi ne da biloniyoyi. Amma an fi yi wa miloniyoyin ihu, domin su ake gani a fili, kuma albashinsu ne jaridu ke bugawa. Littafin kuɗin mai kulob ba wanda ke ganinsa.

Badaƙaloli

Badaƙalar 1919 ita ce uwar sauran. An zargi 'yan wasa takwas na Chicago White Sox da karɓar kuɗi daga 'yan caca don su bari Cincinnati Reds ta ci su a World Series. Kotu ta wanke su a 1921, amma kwamishina na farko, Kenesaw Mountain Landis, ya kore su har abada. An daɗe ana cewa rowar mai kulob ɗin, Charles Comiskey, ce ta jefa su ga wannan hali, kuma labarin ya yi wa masu goyon bayan ma'aikata daɗi. Da masu bincike suka duba takardun kwantiragi na zamanin, sai aka tarar albashin White Sox yana cikin mafi tsoka a gasar. Abin da ya tabbata shi ne cewa ba ɗayansu da ke da ikon barin Comiskey ya nemi mai biya fiye da shi.

Caca ce kuma ta ci Pete Rose a 1989, mutumin da ya fi kowa yawan bugun da ke kai ɗan wasa tushe lafiya, har 4,256. An kore shi daga wasan, kuma magoya baya sun yi shekara talatin da biyar suna gardama a kan ko hukuncin ya yi tsauri, gardamar da ta ƙara zafi da MLB da kanta ta shiga hulɗa da kamfanonin caca. A Mayun 2025, watanni bayan rasuwar Rose, kwamishina Rob Manfred ya cire matattu daga jerin korarru, har da 'yan 1919.

A batun ƙwayoyin ƙara kuzari, rahoton tsohon sanata George Mitchell na Disambar 2007 ya ambaci 'yan wasa kusan casa'in. A nan ƙungiyar 'yan wasa ta sha suka saboda daɗewar da ta yi tana ƙin gwajin fitsari. Haka aka sake yi da Houston Astros, waɗanda a 2017 suka riƙa leƙen alamun hannun abokan karawa da kyamara, suna buga garwar shara don sanar da mai bugu irin jifar da ke tafe. An ci kulob ɗin tarar dala miliyan biyar, manaja da babban jami'i suka rasa aikinsu, amma ba a hukunta ɗan wasa ko ɗaya ba, domin an yi musu alkawarin kariya in sun faɗi gaskiya. Da aka dawo kallo bayan annobar korona, 'yan kallo suka riƙa zuwa da garewanin shara suna yi musu ba'a.

Ƙananan rukunai da mafi ƙarancin albashi

Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ce ta kafa mafi ƙarancin albashi da kuɗin ƙarin awoyi a Amurka. Tun Yulin 2009 adadin yana kan dala 7.25 a awa. Ɗan ƙaramin rukuni kuwa, a shekarun baya, ana biyansa ne a watanni biyar na kakar wasa kawai. Atisayen bazara, wanda wajibi ne, ba albashi. Yakan yi kwana shida ko bakwai a mako yana aiki, ga doguwar tafiyar bas cikin dare daga wannan gari zuwa wancan. A lokacin, samari biyar ko shida sukan haɗu a gidan haya ɗaya kan katifun iska, wasu kuma iyalan gari ne ke ba su masauki. In kaka ta ƙare sai a koma tuƙin motar haya ko aikin gini, a kuma ci gaba da motsa jiki da kuɗin aljihu.

A Fabrairun 2014 tsofaffin 'yan wasa uku, Aaron Senne a gaba, suka shigar da ƙara a kan MLB saboda rashin biyansu mafi ƙarancin albashi da kuɗin ƙarin awoyi. Lauyansu, Garrett Broshuis, shi ma tsohon mai jifa ne da ya sha wannan wuya. Hujjar MLB ita ce waɗannan matasa kamar 'yan koyon sana'a suke na ɗan lokaci, kuma ba yadda za a ƙirga awoyin ɗan wasa kamar na ma'aikacin masana'anta: in ya tsaya ƙarin atisaye don kansa, wa zai biya?

MLB ba ta tsaya a kotu ba, ta nufi majalisa. A 2016 'yan majalisar wakilai biyu, Brett Guthrie na Kentucky da Cheri Bustos ta Illinois, suka gabatar da ƙudurin da suka raɗa wa suna na ceto wasan gargajiyar Amurka. Caa ɗin da jama'a suka yi ya sa Bustos ta janye hannunta ba da jimawa ba. Ƙudurin ya kwanta, sai ga shi ya ɓullo a Maris 2018 a shafi na 1,967 na kasafin kuɗi mai shafi 2,232, aka zartar ba tare da an yi muhawara a kansa ba. Ya ce muddin an biya ɗan wasa kuɗin awa arba'in a mako lokacin kaka, wato dala 290, to ba shi da haƙƙin komai kuma, ko awa nawa ya yi.

Magoya baya sun rabu. Wasu suna cewa ba wanda ya tilasta wa kowa: wasan yara ne, dubbai za su yi shi kyauta, kuma wasu sun karɓi miliyoyi ranar sa hannu. Akwai kuma masu tsoron cewa ƙarin albashi zai sa a rufe ƙungiyar garinsu. Ɗaya ɓangaren yana amsawa da cewa masu miliyoyin tsiraru ne, da yawa abin da suka samu ranar sa hannu bai taka kara ya karya ba, kuma kuɗin da zai wadata dukkan matasan kulob bai kai albashin tauraro ɗaya ba. Wannan hujja ta biyu ta fi ƙarfi, domin babban kulob ne ke biyan albashin, ba ƙaramar ƙungiyar gari ba. Toronto Blue Jays ta ƙara wa nata matasan kashi hamsin cikin ɗari a 2019, ba abin da ya rushe.

Shekarar korona ce ta juya ra'ayin jama'a. An soke kakar ƙananan rukunai ta 2020. Oakland Athletics ta sanar da dakatar da alawus ɗin dala 400 a mako, Washington Nationals ta rage shi zuwa 300. Duka biyun suka janye bayan an yi musu ca, kuma manyan 'yan wasan Nationals sun riga sun ce za su cike giɓin daga aljihunsu. David Price na Los Angeles Dodgers ya ba kowane matashin kulob ɗin dala dubu. Magoya baya suka kafa shirin ɗaukar nauyin ɗan wasa, inda mutum zai riƙa aika wa wani saurayi da bai taɓa gani ba kayan abinci ko katin cefane. A 2021 hoton abincin da aka ba matasan Athletics bayan wasa, yankan burodi biyu da ɗan cuku da ganye, ya karaɗe intanet, har shugaban kulob ɗin ya fito ya ce abin bai dace ba.

Tsoron masu tsoro ma bai faɗi ƙasa ba. A 2021 MLB ta ƙara albashin mako, amma ta rage ƙananan ƙungiyoyi daga 160 zuwa 120, duk da wasiƙar ƙin amincewa da 'yan majalisa sama da ɗari suka sa wa hannu da kuma adawar Sanata Bernie Sanders.

Shekarar 2022 ta zo da abubuwa a jere. Kulob-kulob suka fara ba yawancin matasa masauki. A Yuli MLB ta amince ta biya dala miliyan 185 don a rufe shari'ar Senne. A watan ne kuma Manfred ya ce bai yarda cewa albashin matasan ba ya isar su rayuwa ba, maganar da ta jawo masa tsiya. A Agusta ƙungiyar 'yan babbar gasa, wadda ta yi sama da shekara hamsin ba ta wakiltar 'yan ƙananan rukunai, ta raba musu katunan shiga, a Satumba MLB ta amince ba tare da an kai ga ƙuri'a ba. Yarjejeniyar farko, ta shekara biyar, an cimma ta a ƙarshen Maris 2023. Albashin matakin ƙasa ya tashi daga dala 4,800 zuwa 19,800 a shekara, na matakin sama daga 17,500 zuwa 35,800, kuma an fara biyan kuɗin atisayen bazara. A madadin haka, aka ba kowane kulob damar rage matasan da yake riƙe da su a cikin gida daga 180 zuwa 165. Yarjejeniyar ba ta haɗa da yaran da ke wasa a sansanonin Jamhuriyar Dominika ba, waɗanda ake sa wa hannu tun suna shekara goma sha shida.